DARAR WAYA: Anya Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Ranar wata Asabar ce cikin dogon hutu, an yi la'asar sakaliya, zafi ya ɗan lafa. Muna zaune a tsakar gida ina yi wa ƙanwata tsifa, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ƙura wa waya ido kamar wadda allurarta ta faɗa cikin rairayi. Sau uku ina ce mata ta ɗago, kafin na ƙifta ido ta sake komawa. Can sai ji na yi ta zabura ta buga tsalle tana ihu, saura ƙiris tsinken tsifa ya tsone mini ido. Na ce, "Ke, lafiyarki kuwa?" Ta ce, "Yaya, na ci! Karo na bakwai ke nan a jere." Na ce kin ci me? Ta ce dara.

Kakarmu, wadda duk gidan muke kira Inna, tana gefe a kan tabarma tana tsintar wake. Jin an ambaci dara sai ta ɗago ta dube mu ta saman tabarau, ta ce, "Wace darar kuma, kishiya? A cikin wannan ɗan madubin naku?" Yarinya ta ce ai yanzu komai ya koma waya, kuma in Inna ta isa ta zo a gwada, ita da ta kayar da na'ura sau bakwai, balle tsohuwar da ko lambar waya sai an danna mata. Inna ba ta ce uffan ba. Ta ture farantin wake gefe, ta ce a ɗauko mata kiret ɗin ƙwai da 'ya'yan tsamiyar da aka tace da safe. Da yake an shafe tsakar gidan da siminti, babu inda za a haƙa gurbi. Ta sa wuƙa ta yanko layi biyu, gurbi shida-shida, ta ƙirga 'ya'yan tsamiya huɗu-huɗu ta zuba, ta gyara zama ta ce bismilla.

Tun kafin a fara aka samu cikas. Ƙanwata ta duba dama ta duba hagu ta ce, "To Inna ina rumbun?" Inna ta ce, "Rumbun me? Gero za mu zuba?" Aka dai fara. Zagayen farko Inna ta tashi da gida bakwai ta bar wa yarinya biyar. Kafin a kira magariba, gwanar da ta kayar da na'ura sau bakwai gida biyu suka rage mata, ta kumbura fuska tana cewa ita wallahi wannan ba dara ba ce, an dai shirya mata ne. Inna ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ita tun kafin a haifi uwarmu take wannan wasa, sai yau ne za a gaya mata ba dara ba ce.

To 'yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da waya ba ta barin hannunku in an yi hutu, wannan 'yar gardama ce ta sa na ɗauki alƙalami. Domin da na zauna na duba, sai na ga ashe su biyun kowacce da gaskiyarta.

BA DARA ƊAYA BA CE

Abin da muke kira dara a ƙasar Hausa iri biyu ne tun asali. Akwai wadda dattawa ke yi a gindin bishiya ko a ƙofar gida, mai gurbi 30, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙe karare ɗaya ya riƙe tsakuwa don kada su cakuɗe. Sai an gama dasa su ɗaya bayan ɗaya tukuna a fara tafiya, taki ɗaya-ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba a yin karkace. Wanda ya jera uku a layi sai ya cire ɗa guda na abokin wasansa. In huɗu suka jeru, ba ta ci ba. Zabarmawa ma suna yin irinta, su dili suke ce mata. Ki lura kuwa, kiret ɗin ƙwai in ba a yanka shi ba, gurbinsa 30 ne cif, biyar sau shida, kamar don dara aka yi shi.

Sai kuma tamu ta cikin gida, mai gurbi 12 da 'ya'ya 48. Kowane gari da ɗan bambancinsa, amma yadda muka tashi muka ga ana yi a gidanmu shi ne: ki kwashe gurbinki guda ki bi ta hannun dama kina zuba ɗaya-ɗaya. In na ƙarshe ya faɗa inda akwai 'ya'ya, sai ki sake kwashewa ki ci gaba da tafiya, ba za ki tsaya ba sai na ƙarshe ya faɗa gurbin da babu kowa. Duk gurbin da ya cika huɗu mai gidan ce ke kwashewa, sai fa in da ɗanki na ƙarshe kika cika shi, to naki ne ko a gidan wa yake. In 'ya'ya sun ƙare, kowa ta mayar da abin da ta ci huɗu-huɗu. Wadda ta samu 28 kin ga gida bakwai ke nan, ta ci gida guda na abokiyarta. Haka za a yi ta yi har a kori mutum daga unguwar ɗungurungum.

Wannan ta biyun tana da dangi a duniya fiye da yadda kike zato. Yarbawa suna da ayo, mutanen Ghana suna da oware, a Zanzibar akwai bao mai layi huɗu da gurbi 32, a Uganda akwai omweso. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma sun tsallaka teku da ita, shi ya sa har yau ake yin warri a tsibiran Antigua da Barbados. Masu tonon tarihi sun samu gurabenta a Matara ta ƙasar Eritiriya da Yeha ta Habasha, waɗanda aka ƙiyasta tun ƙarni na 6 zuwa na 7 ne. Turawa suka haɗa su duka suka raɗa musu mancala, kalmar da ta samo asali daga Larabci, ma'anarta ɗauka daga nan a kai can.

Ga wani ɗan labari da na san zai yi muku daɗi. Mutanen Asante suna da tatsuniyar cewa wai wani saurayi da budurwa ne suka zauna wasan, aka yi ta yi ya ƙi ƙarewa, kowa ya ƙi tashi, daga ƙarshe suka ga babu mafita sai dai su yi aure don su ci gaba da abinsu ba tare da an ce dare ya yi ba. Wai daga nan sunan oware ya fito, wato ya yi aure. Ko gaskiya ne ko ƙanzon kurege, ni dai labarin ya kwanta mini.

To ina darar waya ta faɗo a cikin wannan dangi? A nan gizo ke saƙar. Yawancin manhajojin da za ki sauke in kin rubuta mancala, ba darar Inna ba ce, ba kuma ayo ba ce. Wani wasa ne mai suna Kalah, wanda wani Ba'amurke, William Champion, ya tsara a 1940. Shi ne ya zo da wannan rumbu guda-guda a gefen dama. A cikinsa ba a sake kwasa a ci gaba da tafiya. In ɗanki na ƙarshe ya faɗa rumbunki sai a ba ki ƙarin wasa, in kuma ya faɗa gurbinki da babu komai sai ki kwashe na gurbin da ke kallonsa. Shi ke nan. Babu cika huɗu, babu cin gida, babu zagaye na biyu. Wasu manhajojin kuma dokar oware ta gasa suke bi, inda ake ci in ɗan ƙarshe ya mayar da gurbin abokin wasa biyu ko uku. Kin ga ke nan ƙanwata wata uku tana koyon wasan Ba'amurke, tana bugun ƙirji da sunan ta iya wasan kakarta.

Ba yau aka fara ba kuwa. Yayyenku da iyayenku za su tuna Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000, kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001. Kowa wasan maciji ya sani a cikinta, amma akwai wani da ake kira Bantumi, mai 'yan tukwane da wake a ciki. Shi ma dokar Kalah ce. Na tuna lokacin da wayar babanmu ce kaɗai a gidan, mukan jira ya shiga wanka mu ɗauka mu ɗana, mu kan ce darar Bature. Ashe mun fi yaran yanzu gane gaskiyar lamarin.

INDA WAYA TA YI RANA

Kada ki ce na zo ne in kushe. Gaskiya ɗaya ce, waya ta yi abubuwan da katako da kiret ɗin ƙwai ba za su iya ba.

Ina da aminiya da muka tashi tare, aka yi mata aure aka kai ta Fatakwal. Duk wadda aka taɓa kaiwa garin da ba ta san kowa ba ta san yadda yinin amarya yake. An gama biki, 'yan rakiya sun juya, maigida ya fita tun sassafe sai dare, an share ɗaki an goge an sake gogewa, an ɗora girki an sauke, sai ke sai bango. Maƙwabta ba sa jin harshenki, ke ma ba kya jin nasu. Ta gaya mini watanninta na farko abin da ya riƙe ta shi ne bayan azahar ita da ƙannenta na gida sukan haɗu a waya su yi lido, wata rana su yi wannan darar. Ba wasan ne ya dame ta ba, jin cewa a daidai wannan lokacin akwai wani nata da ke jiran ta jefa, shi ne maganin. Wa zai ce wannan ɓata lokaci ne? Ni dai ba da bakina ba.

Haka kuma lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe makarantu aka hana zirga-zirga, gidaje da yawa wasan Ludo King ne ya riƙa haɗa 'yan uwa. Wani kamfanin Indiya ne ya fito da shi a 2016. Ku masu son finafinan Indiya, shi kansa lido ai nasu ne tun fil azal. Pachisi suke kiransa, har ana ba da labarin Sarki Akbar yana da filin wasan a fadarsa ta Fatehpur Sikri, inda kuyangi ke tsayawa a matsayin 'ya'ya. Turawan Ingila ne suka rage masa tsawo suka fito da shi da sunan Ludo a 1896. To amma lido rabi sa'a ne, in siki ya ƙi fitowa ko ke ce sarauniyar dabara kina gida a zaune. Dara kuwa babu ƙwayar da ake kaɗawa, babu sa'a, daga ke sai ƙwaƙwalwarki.

Abu na biyu, waya ba ta maguɗi irin namu. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa maƙale ɗa guda a tsakanin yatsu ba, ko ta tsallake gurbi in ta ga abokiya ta waiwaya? A waya babu wannan. Babu ɓatan 'ya'ya, babu akuya ta zo ta cinye rabi, babu ƙaramin ƙane ya tattake gurabe yana dariya.

Na uku shi ne wanda ya fi burge ni. Darar gurbi 30 ta maza ce a al'ada, ba don an rubuta haka a wani wuri ba, sai don inda ake yin ta. Wace budurwa ce za ta je ta durƙusa a majalisar dattawa ta ce a matsa mata? Ni har na girma daga nesa nake hango ta in an aike ni. Manhajojinta ba su da yawa kamar na mancala, sai an tona, amma ko ba a samu ba, dokokinta suna nan a intanet, yarinya tana iya karantawa ta ɗauko kiret ɗin ƙwai ta gwada da yayanta a cikin gida. Ƙofar da take a rufe waya ta buɗe ta.

INDA TA GAZA

Amma fa a tsaya. Ki tambayi kanki, mene ne daɗin dara, kuma mene ne amfaninta?

Na zuba wa Inna ido ranar nan. Kafin ta taɓa gurbi sai ta yi shiru, leɓenta yana ɗan motsi, idonta yana bin gurabe. Lissafi take yi. In na kwashi wannan mai biyar zai ƙare a can, can akwai biyu sun zama uku, in kwashe su in ƙare a can, can kuma uku ne sun cika huɗu. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba tana hango zagaye biyu, uku, a cikin kanta. Sannan in 'ya'ya suka taru a gurbi ba a yarda ki sa yatsa ki ƙirga na abokiya ba, dole ki riƙe a ka nawa suka shiga. Wannan shi ne ƙashin bayan wasan. To a waya fa? An rubuta miki lamba a jikin kowane gurbi. Wasu ma in kin ɗora yatsa za su haska miki inda za ki ƙare. In kin yi kuskure akwai wurin dannawa a dawo da ke baya. In kin rasa abin yi akwai wurin dannawa a raɗa miki amsa. Yo me ya rage miki? Kamar ɗalibar da ake ba jarrabawar lissafi da amsoshin a bayan takarda ce, ta ci ɗari bisa ɗari ta fito tana taƙama.

Shi ya sa cin na'ura sau bakwai bai hana ƙanwata shan kaye ba. Kuma bari in gaya muku wani sirri, wannan na'urar da kuke kayarwa lallaɓa ku take yi. Tun a watan Mayun 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya na wasan ces, Garry Kasparov, a birnin New York. A 2002 wasu masana biyu a wata jami'a ta Amsterdam, John Romein da Henri Bal, suka sa kwamfuta ta bi duk yanayin da 'ya'yan oware za su iya kasancewa, sama da biliyan 889, ta gama cikin awa 51, aka gano in kowa ya yi wasa babu kuskure kunnen doki ake tashi. Shi kuwa Kalah mai 'ya'ya huɗu-huɗu, tun shekarar 2000 aka tabbatar wanda ya fara, in bai yi kuskure ba, shi ke ci. Saboda haka in manhaja ta bar ki kin fara kuma kin ci, ba wai kin fi ta ba ne. An rage mata ƙarfi ne don kada ki yi fushi ki goge ta. Mai shago ai ba ya korar mai ciniki.

Ciniki kuwa ana yin sa, ko kin sani ko ba ki sani ba. Sun ce kyauta ne, amma kina gama wasa talla, kafin ki fara wani talla, wani tallan ma sai ki yi sauri ki kife wayar don kada wani babba ya gani ya ɗauka ke kika nemo. Kowane talla datarki yake ci, ga shi tun farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. 'Yar makarantar da ke tara kuɗin tara don ta sayi kati, ita ce ke biyan kuɗin kallon tallan da ba ta nema ba. Daga nan sai a ce kuɗin wasanki na cikin manhaja sun ƙare, ki sayi wasu da kuɗin gaske. Daga nan kuma taki ɗaya ne zuwa waɗanda ake zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe. Wannan ko an sa masa sunan lido ko na dara, caca ce tsagwaronta, kuma ita Indiya ma sai da majalisarta ta yi dokar hana wasannin intanet na zuba kuɗi a watan Agustan 2025, saboda yadda suka tsiyata mutane. Duk manhajar da ta tambaye ki lambar asusu ko ta katin banki, ki goge ta a take, ba sai kin yi shawara da kowa ba.

Sai maganar baƙi. Yawancin waɗannan wasanni suna haɗa ki da wanda ba ki sani ba, kuma akwai wurin hira a gefe. Da "kin iya wasa" ake farawa. Gobe a ce daga wane gari. Jibi a ce wannan wurin ba ya daɗin hira, ba ni lambarki. Gata a ce turo hoto. Ke kina ganin hoton wani kyakkyawan saurayi, ba ki san ko sa'an babanki ne a zaune da wayoyi uku ba. Ba na cewa kowa mugu ne, amma wanda ke son ki da gaske ai ƙofar gidanku ba a ɓoye take ba. Ki rufe wurin hirar, kada ki sa hotonki ko cikakken sunanki, ki yi wasa da waɗanda kika san fuskarsu da gidajensu.

Tun da maganar samari ta shigo, bari in yi ɗan ratse. A da in saurayi ya zo zance ya tarar ana lido a soro, ƙannen budurwa sukan ja shi ciki, kuma wallahi babu inda ake karanta halin mutum kamar nan. Akwai wanda in yaro ya cinye masa ɗa sai ya yi dariya ya shafa kansa. Akwai wanda zai murtuke fuska ya ce an yi masa coge. Akwai wanda zai bari da gangan ƙaramar cikinsu ta ci. Yayarmu ta taɓa sallamar wani ɗan gayu mai mota saboda ya hankaɗe kwalin lido don yaro ɗan shekara tara ya kore shi gida sau biyu. Ta ce wanda bai iya shan kaye a hannun yaro ba, ranar da ta fi shi gaskiya a cikin ɗaki me zai yi? Mun yi mata dariya a lokacin, yanzu kam mun daina. To a waya ina za ki ga wannan? In mutum ya ga za a ci shi sai ya kashe data, gobe ya ce sabis ne ya ɗauke.

Na ƙarshe, lokaci. Darar tsakar gida tana da mai tashin ta. Za a kira salla, ko duhu ya yi, ko a ƙwala miki kira ki zo ki duba tukunya. Ta waya ba ta da magariba. Tana bin ki har cikin bargo, kina cewa wannan ne na ƙarshe har ƙarfe ɗaya na dare, gobe a aji malami yana bayani kina gyangyaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sanya jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Ba kowace mai wasa ce ta kamu ba, amma in kin ga kin fara ɓoye wa Mama tsawon lokacin da kike yi, ko littafi yana buɗe a gabanki waya tana ƙarƙashinsa, to ki binciki kanki, musamman ke da jarrabawar fita ke gabanki.

TO A SAUKE KO KADA A SAUKE?

Ni a ganina a sauke, amma a san abin da aka sauke. In nisa ya raba ki da 'yan uwa, ko kina zaman jinya a asibiti, ko doguwar tafiya a mota, kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da canji. Ki nemi wadda ke aiki ba tare da data ba, domin yawanci in kin kashe data tallan ma ba ya samun hanyar shigowa. Ki nemi wadda mutum biyu za su iya yi a waya ɗaya. Ki shiga wurin saiti ki kashe masu raɗa amsa, ki ƙara mata ƙarfi har sai ta fara kayar da ke, domin daga nan ne za ki fara koyon wani abu. In an ba ki zaɓi tsakanin Kalah da oware ki ɗauki oware, ta fi zurfi, kuma ita ce 'yar uwar tamu ta kusa.

Amma in kina gida ɗaya da wadda ta iya ta gaske, kaka ce ko goggo ko wata tsohuwa a maƙwabta, kika bar ta tana gyangyaɗi a tabarma kina can kina fafatawa da na'ura, to gaskiya an yi ba a yi ba. Dokar gidanmu ta cika huɗu da cin gida na neme ta a manhajoji da dama, sai dai mai kama da ita. A kan Inna take, da kan ire-irenta. Ku kuma da kuke karatun kwamfuta a makaranta, ga aiki nan yana jiran ku. Ba sai wani ya zo daga wata ƙasa ya tsara mana darar kakanninmu da dokarsa ba. Amma kafin ki rubuta ta a na'ura ai sai kin durƙusa an koya miki.

Ƙanwata dai kwana biyu ta yi tana fushi, a rana ta uku na fito na tarar da ita da kiret ɗin ƙwai a gaban Inna. Ta yi mako biyu ana korar ta daga unguwa kafin ta fara riƙe gida biyar. Ranar da ta fara tashi shida da shida, har ɗaki ta biyo ni da albishir, ta ce goronsa ɗari biyar.

Ita ma ta rama, don ta matsa wa Inna sai ta gwada ta waya. Aka kawo tabarau, aka nuna mata inda za ta taɓa. Wasan farko na'ura ta cinye ta, na biyu ma haka, tana ta mita wai wannan wace irin dara ce mutum yana tafiya a tsayar da shi. A na uku sai na ga leɓen nan ya fara motsi. Ta gano maganar rumbu, ta riƙa jera ƙarin wasa ɗaya bayan ɗaya, sau huɗu a jere ba ta ba na'ura hannu ba. Da aka rubuta ta ci, aka saki ɗan kiɗa da furanni a fuskar wayar, sai ta tsaya tana jira. Ta ce, "To, ya ce me?" Muka ce wa? Ta ce, "Shi wanda na ci ɗin." Muka ce ai ba ya magana. Ta miƙa wa ƙanwata wayarta, ta jawo kiret ɗin ƙwai da ƙafa, ta ce, "Ungo abinki. Zo nan kishiya, zuba huɗu-huɗu, ke ko ba komai in na ci ki kina kumbura baki."